Ƙugiya a Kan Kishi

Shekarar da soja suka ce sun gaji za su koma bariki, aka buɗe wa farar hula ƙofar siyasa, bangon gidajen Yakasai ya rufe da fasta har ba ka gane na ƙasa da na siminti, a shekarar ne na kusa lalata idona, na kuma ci bashin da ba na kuɗi ba. Ina ba da labarin ne saboda ku samarin da kuke leƙowa shagona kuna cewa buga rubutu a kwamfuta ai zama ne kawai, ga fanka ga kujera. Gaskiyarku, zama ne. Majinyacin da ke layin asibitin ido ma a zaune yake, kuma na zauna a layin, na ga irinku a ciki.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Shekara tara na yi a zauren Malam Hadi a Shahuci ina koyon kwafar littattafai da hannu, na Larabci da na ajami. Aikin farko da ya ba ni wani ɗan littafin tsarki da salla ne, warƙa goma sha biyu, na wata tsohuwa da ruwa ya ci nata. Kafin ya bar ni na rubuta ko harafi ɗaya sai da na yi wata biyu ina feƙe alƙalamin kara, ina dama tawada da ƙaro, ina danna takarda a kan allon zare don layi ya fito. Baƙar tawada a kurtu ɗaya, ja ta wasali a wani. Sai ka tsoma alƙalami, ka rubuta kalma uku ko huɗu, ya bushe, ka ɗaga kai ka sake tsomawa. Haka har shafi ya cika.

Idan shafi ya cika kuwa, akwai doka. Za ka ajiye alƙalami, ka miƙe, ka je bakin ƙofar zaure ka tsaya. Can nesa, bayan katangu uku ko huɗu, akwai wani dogon dabino da ya fi duk gidajen unguwar tsawo. Shi za ka zuba wa ido har ka yi salati goma, ba da sauri ba. Malam yana kiran wannan shayar da ido. Ya ce ido dabba ce ta aiki, kuma duk dabbar da aka ɗaure a kan abu ɗaya tun safe tana jin ƙishi, ruwanta kuwa shi ne nesa. Don kada ka yi masa wayo ka tsaya kana kallon masu wucewa, in ka dawo sai ya tambaye ka kurciya nawa ce a kan dabinon. In ka faɗa, ya leƙa da kansa. In ka yi kuskure, ka koma.

Shekara tara ina ƙirga kurciyoyin mutane. A raina kuwa na yanke cewa tawada ce kawai Malam yake jira ta bushe, sai ya ɗora wa abin rawani don ya zama ilmi.

Da kwamfuta ta shigo gari, yayana ya kawo mini wata ta hannu daga Ikko, mai allo kamar tukunyar biki, na kama shago a bakin hanyar da ta haɗa Shahuci da Yakasai. Daga ƙofar shagon ma ana hango dabinon nan ta wani gefe, amma ni na gama da dabino. Na koyi buga boko cikin wata uku. Abin da ya fi burge ni da na'urar shi ne ba ta da kurtu. Ba tsomawa, ba jiran bushewa, shafi yana ƙarewa wani ya tsiro a ƙarƙashinsa. Na je na gaya wa Malam cikin ladabi cewa yanzu an samu alƙalamin da ba ya shan ruwa. Ya ce madalla, ya tambaye ni ko idon ma an sake mini sabo daga Ikkon.

Aikin da ya fara kawo mini suna katin ɗaurin aure ne na wani tela. Ya zo da rubutunsa a bayan kwalin sigari, sunayen iyaye da kakanni sun kai talatin, kuma ya ce kowane suna ya fito babba don kada wani kawu ya yi fushi. Katin kuwa bai fi tafin hannu ba. Na ƙanƙance haruffa har suka koma kamar ƙwayar gero, na manna hancina a allo ina lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ɗalibai masu furojet, waɗanda rubutunsu ko su kansu sai sun yi shawara kafin su karanta. Sai masu takardar haya, masu wasiƙar neman aiki, masu maganin gargajiya da ke son a buga cututtuka arba'in a takarda ɗaya. Duk wanda ya zo, jiya yake son aikinsa.

Na ajiye kwamfutar a kan wani dogon tebur, allon ya fi goshina tsawo, don mai wucewa ya hango ya san shagon na zamani ne. Na fuskantar da ita ƙofa, rana tana dukan gilashin tun hantsi, ina ganin fuskata da motocin titi a cikin rubutun. Na ƙure mata haske har ƙarshe, don a ganina kuɗin haske na saya. Fanka kuma na saita ta daidai fuskata. Da mutum zai zauna ya tsara yadda zai azabtar da idonsa da gangan, da sai ya zo wajena ɗaukar darasi.

Akwai wata matsala da ku ba ku tarar ba. Kwamfutar lokacin ba ta san Hausa ba. Ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa. Wasu suna sa waƙafi a gaban harafi, wasu su bar shi haka mai karatu ya yi ta kansa. Mu masu son aiki ya yi kyau, sai mu buga rubutun a takardar tiresin, wato shara-sharar takardar da masu injin ɗab'i suke ɗaukar hoto da ita, sannan a bi da alƙalami mai bakin allura a ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu. Aiki ne na mai nutsuwa, domin duk abin da ka zana a tiresin, injin zai haifa maka dubunsa.

Nan ne na tuna da Malam Hadi. Kwafar hannu ta fara ja baya, ya san boko tun zamanin yaƙi da jahilci, hannunsa kuma ba ya rawa. Na roƙe shi ya riƙa zuwa bayan azahar yana sa mini ƙugiya, ya yarda. Yakan zauna a buzunsa a gefen shagon, ya ɗora tiresin a kan allo, ya bi layi-layi. Ƙugiyarsa kamar da ita aka ƙera harafin. Aibinsa ɗaya, kowane shafi ya gama sai ya ajiye alƙalami, ya fita bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon dabino yana motsa baki. Mai aiki yana tsaye yana duba agogo, Malam yana shayar da ido. In ya dawo ya dube ni ya ce na fi awa ban ƙifta ba, kamar kifin da aka shanya. Nakan ce Allah gafarta Malam, ita wannan na'urar ba a barinta, ba kamar takarda ba ce. Ya ce ya lura, ita ce ba ta barin mutum.

Sai zaɓen kansiloli ya matso. Duk wanda ke da babbar riga da ɗan'uwa mai kyamara ya zama ɗan takara. Kwana uku na yi, daga fitowar rana zuwa magariba, ba na tashi sai salla, sallar ma da sauri, Allah ya yafe mana. In masu wuta suka ɗauke, janareto ya karɓa, allon ya riƙa rawa kamar mai zazzaɓi. Idona ya yi ja, yana mini yaji kamar an zuba yashi, hawaye yana zuba ba dalili. Na sa kwalli. Na sayi wani baƙin gilashi da ake rataya wa allon, wanda mai sayarwa ya rantse mini cewa yana tare wata guba da ke fitowa daga na'urar. Gilashin ya dushe rubutun, na ƙara matsowa don in gani.

Rana ta uku, wajen ƙarfe uku, Alhaji Garzali ya aiko da fastarsa. Alhaji Garzali dillalin filaye ne a unguwarmu, mutumin da in ya tsaya ya dubi kango sau biyu, mai kangon ya fara neman takardunsa. Yana neman kansila. Fastar ba ta da yawan magana: hotonsa, sunansa, sai layi ɗaya a ƙasa da manyan haruffa, Mai kishin ƙasa. Direbansa ya tsaya a kaina ya ce mai injin yana jira a Sabon Gari, in aka wuce la'asar wani zai shiga layinsu.

Na buga tiresin na juya in miƙa wa Malam, sai na ga buzu ba kowa. Yana bakin ƙofa, ya juya mana baya, yana tare da dabinonsa. Na ce wa direban, da murya yadda Malam zai ji, ƙugiya ɗaya ce tak, ba sai mun jira an gama ƙirga tsuntsaye ba. Na ɗauki alƙalamin. Da na sunkuya kan takardar, bayan kwana uku ina kallon wuta, sai haruffan suka rabu biyu, kowane harafin ka yana da inuwarsa a gefe. Na runtse ido na ɗora ƙugiya. Na ɗago na duba, na ga ka ɗin ƙasa ba ta da komai, na ce ashe alƙalamin bai kama ba, na sake ɗora mata. Na naɗe takardar na ba direban. Mai injin ba Bahaushe ba ne, abin da aka ba shi ya buga.

Da gari ya waye, daga Shahuci har Yakasai, kowane bango yana ɗauke da Alhaji Garzali yana murmushi, a ƙarƙashinsa an rubuta Mai ƙishin ƙasa. Ƙugiyata ta farko ba ta ɓata ba, a kan kishi ta sauka.

Da wani ne daban, da abin ya wuce. Amma dillalin filaye da kansa ya manna wa gari cewa yana jin ƙishin ƙasa. Masu shayi suka ce ba su taɓa ganin ɗan siyasa mai gaskiya irinsa ba. Abokan hamayyarsa suka hana a yage fastar, har gadi suka sa mata. Yara suna bin motarsa da kofin ƙasa suna cewa Alhaji ga ruwa.

Bayan la'asar Alhaji Garzali ya same mu a ƙofar masallacin unguwa, inda dattawa suke zama a kan tabarmi bayan salla. Ina nan, Malam yana nan, majalisa ta cika. Ya buɗe fastar a gabana, ya tambaye ni nawa abokan hamayya suka ba ni. Na rantse ba a ba ni komai ba, kuma wannan gaskiya ce. Ya ce to wa ya zana wannan abin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni bugawa kawai nake yi. Kowa ya san mai sa mini ƙugiya. Sai dai a yi haƙuri, shekaru ne, ido ba ya zama yadda yake."

Ban ambaci suna ba, don ni mai ladabi ne. Majalisa duk ta juya ta dubi Malam Hadi. Ya karɓi fastar, ya nesanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana duban ƙugiyar. Sannan ya mayar wa Alhaji, ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya ɗauki buzunsa da butarsa ya tafi gida. Bai sake zuwa shagon ba.

Alhaji Garzali dai ya ci zaɓensa, domin ba wanda aka sani a mazaɓar kamarsa. Sunan ya bi shi, har yau Mai Ƙishi ake ce masa. Don ya juya maganar ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin kasuwa, ta ba da ruwa ranar da aka buɗe ta. Shi bai yi asarar komai ba.

Malam ne ya yi. Mai kwafar littafi ba shi da jari sai a ce idonsa ba ya kuskure, shi kuwa shekara arba'in ba a taɓa kama shi da ɗigo ɗaya a inda bai dace ba. Cikin mako guda magana ta zaga cewa idon Malam Hadi ya tafi. Wanda ya kasa raba kishi da ƙishi a rubutu mai girman yatsa, wa zai ba shi littafin addini? Wani attajiri na Dukawuya da ya ba shi kwafar wani babban littafin fiƙihu na kakansa ya aiko aka karɓe, da asalin da rabin da aka kwafa, aka zuba a gafaka aka tafi da su. Sauran masu kawo ƙananan ayyuka suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai kyau. In na bi ta ƙofar zaurensa nakan gan shi yana feƙe alƙaluman da ba abin da za a rubuta da su. Sai na sake hanya, na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa, na gaya wa kaina ta fi kusa.

Nawa idon kuwa bai san an ɗora laifinsa a kan wani ba, ya ci gaba da aikinsa. Na koma sa ƙugiya da kaina. Na buga wa wani mai gida sanarwar haya, na bar ɗaki ba ƙugiya na ɗora wa bandaki biyu. Na mayar da baƙin wani ango baki a katin walima. Wata ɗaliba ta dawo mini da furojet ɗinta, malaminta ya zagaye kurakurai da jan biro har shafin ya koma kamar mayafin amarya. Ciwon kai yakan fara daga bayan ido da azahar, ya sauko wuya da la'asar. In na ɗaga kai daga allon na dubi titi, sai na ɗauki lokaci kafin mutane su koma ɗaya-ɗaya. Har aka rantsar da farar hula, damina ta sauka, ina cikin wannan hali, masu kawo aiki suna raguwa. Tsoho dai ba ya shagon balle a ce shi ne, sai na koma zargin firinta.

Ranar da na gaishe da wani mutum sau biyu a layin alwala, don na ɗauka su biyu ne, na shirya na tafi asibitin ido. Na yi rabin yini a benci. Likitar, wata mata mai tabarau wadda ba ta kai ni shekaru ba, ta sa na karanta haruffa a bango, ta haska mini fitila, ta tambayi sana'ata. Na shirya jin sunan babbar cuta, irin wadda mutum zai faɗa a majalisa a tausaya masa. Ta ce idona lafiyarsa ƙalau, gajiya ce da bushewa. Ta ce mai kallon allo yana manta ƙiftawa, ido ya bushe, ga fanka tana ƙarasa shi. Ta ce in sauke allon ya koma ƙasa da idona kaɗan, in nesanta shi kamar tsawon hannu, in juya shi kada hasken ƙofa ya riƙa dukansa, in rage masa haske ya yi daidai da na ɗakin, in ƙara girman haruffa maimakon in kai musu hancina. Baƙin gilashin kuma ta ce in ba yara su yi wasa da shi. Ta rubuta mini ruwan ɗigawa.

Sannan ta ce akwai wanda ya fi duk waɗannan, kuma kyauta ne, shi ya sa ba a yi. Duk bayan kamar minti ashirin in ɗauke idona daga allon, in dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci, in ƙifta sosai. Ta tambaye ni ko akwai wani abu da ake hangowa daga ƙofar shagona, gini ko bishiya.

Na ce akwai dabino.

Ta ce to shi ke nan, Allah ya hutar da ni. Na biya kuɗin kati, na yi rabin yini a layi, an gaya mini da Turanci-Turanci abin da aka yi shekara tara ana gaya mini a zaure ba ko sisi.

Na koma na juya tebur, na yanke masa ƙafafu, na kawar da fanka gefe. Minti ashirin ba na iya kiyaye shi, don agogo ma allo ne a wajena, sai na koma ma'aunin da na sani: shafi ɗaya, salati goma. Makon farko ina tsayawa a ƙofa maƙwabta suna tambayata ko baƙo nake jira. Cikin wata guda yajin ya tafi, ciwon kan ya ragu, haruffa suka daina haihuwa. Sai dai duk tsayuwar da zan yi, dabinon Malam nake kallo, sau ashirin a yini ko fiye. Mutum yana iya sake hanya don ya kauce wa zaure, amma ba ya kauce wa maganin da likita ta rubuta masa.

Wata Alhamis da hantsi na rufe shago na tafi Shahuci ta hanyar da na bari. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa. Malam ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi iyali, ya tambayi na'ura ko tana nan ba ta shan ruwa. Na ce Allah gafarta Malam, ni na sa ƙugiyar nan.

Ya ce, "Na sani, Tasi'u. Ƙugiyata ba ta taɓa yin kama da ƙafar kaza ba. Tun da na karɓi takardar na gane hannun da na koyar."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a lokacin. Ya ce Alhaji Garzali a ranar mai rufe shago ne, shi kuwa tsoho ba shi da shagon da za a rufe, kuma ya ɗauka kwana biyu zan yi in dawo da maganar, bai san zan yi wata bakwai ina neman hanyar Shahuci ba. Ya ƙara da cewa laifin ba nawa ne ni kaɗai ba, da rabon boko a ciki. A ajami kaf daban, ƙaf daban, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Rubutun da 'yar wutsiya kaɗai ta raba mai kishi da mai ƙishi, dole a riƙa yi masa addu'a.

Na roƙe shi gafara. Ya ce ta tsakaninsa da ni ya yafe tun ranar, don ba ya kwana da kayan wani. Amma maganar ba a zaure na ajiye ta ba, a ƙofar masallaci na ajiye ta, can zan je in ɗauke.

Na ɗauke ta a ranar, bayan la'asar. Majalisa ta cika kamar wancan karon, har da kansila, wanda yanzu sai an shimfiɗa masa darduma daban. Na miƙe tsaye na faɗi yadda aka yi, tun daga kwana ukun har zuwa ƙugiya ta biyu, na ce idon da ya tafi nawa ne, na Malam yana nan inda yake. Ba wanda ya tafa mini. Wani dattijo ya ce dama shi tun farko bai yarda ba, alhali shi ya fara kai maganar kasuwa. Kansila ya ce in don ta shi ne ya yafe, sunan ma ya karɓe shi, ko a sakatariya da shi ake nemansa. Ya ce in shirya, zaɓe mai zuwa ni zan buga masa fasta, kuma kada in kuskura in gyara.

Washegari bayan sallar Juma'a na tafi Dukawuya. Attajirin ya bar ni a tsaye a soro na ɗan lokaci, ya saurari bayanina, ya ce ya kai littafin wajen mutum biyu, ɗaya ya ce sai shekara uku, ɗaya ya kwafi warƙa biyar da hannu kamar na mai sayar da gawayi. Ya shiga ya fito da gafakar. Ban ba kowa ya ɗaukar mini ba, a kafaɗata na rataye ta, na taka da ƙafa har Shahuci, ta gaban masu shayi da masu kanti, don duk wanda ya ji tafiyarta ya ga dawowarta.

Malam ya kwance igiyar, ya fito da warƙoƙin, ya ƙirga su, ya nemo inda ya tsaya, a tsakiyar wata jimla. Ya jawo kurtu ya zuba wa tawadar ruwa kaɗan, don ta daskare. Ya zaɓi ɗaya daga alƙaluman nan da ya yi wata bakwai yana feƙewa, ya tsoma, ya ƙarasa jimlar, ya ci gaba. Na zauna a inda nake zama da, har shafin ya cika. Ya ajiye alƙalami ya miƙe, na bi shi bakin ƙofa. Muka tsaya muka yi salatinmu goma, ba da sauri ba.

Ya ce, "Nawa ne?"

Na ce shida.

"Bakwai. Akwai ɗaya a ƙasan busasshen reshen can na hagu. Sake dubawa, kai mai sabon ido."

Na sake dubawa. Bakwai ne.

Ya ce to yanzu ba na binsa, ba ya bina, in je in buɗe shagona. In kuma akwai tiresin da ke jiran ƙugiya, in kawo masa nan zaure, don shi ya gama zama kusa da abin da ba ya ƙiftawa.